Ragar Alwyn da Kwana Arba'in

Alwyn Tregear maƙwabcina ne, shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Masunci ne ɗan masunci, kuma magana tsada take yi masa. In ka gaishe shi ya gyaɗa kai, to ka samu rabonka na ranar.

Bara minista ya sa hannu a wata ƙa'ida da ta hana irin ragar da Alwyn yake jefawa a bakin kogi tun yana yaro. Irin wannan ƙa'ida ba a muhawara kafin ta fara aiki. Ajiye ta ake yi a gaban majalisa, in kwana arba'in suka cika ba a soke ta ba, ta zauna daram.

'Yar majalisarmu, Misis Penhale, ta shigar da roƙon a soke ta. Alwyn ya samo fensir yana kashe kwanaki a kalandar kicin.

Matarsa Morwenna ta ce, "Kai da ranar aurenmu ma ba ka riƙe ba, yau kai ne mai ƙirgen kwana?"

Ya ce, "Wancan ai ba shi da wa'adi."

Gwamnati ce ke ba da ranar zama, ita kuwa ba ta gaggawa. Sai kwana na arba'in da shida aka sa. Alwyn ya ce tunda dai sun kira zama, da sauran magana. Na raka shi Landan, yana sanye da kwat ɗinsa na zuwa jana'iza.

Ba a zauren majalisa aka yi zaman ba, a wani ɗan ɗakin kwamiti ne. Awa ɗaya da rabi ana magana, sannan aka kaɗa ƙuri'a, tara da takwas, ɓangaren gwamnati ya sha ƙasa. Alwyn ya miƙe tsaye, hula a hannu.

A waje Misis Penhale ta tare shi. "Baba, abin da aka tambaya kawai shi ne ko kwamiti ya duba ƙa'idar. Muka ce bai duba ba. Iyakarta ke nan, tunda wa'adin soke ta ya riga ya wuce."

"To ragar fa, ranki ya daɗe?"

"Tana nan a hane."

A jirgin ƙasa muna dawowa ya cinye burodinsa tas, har ya kaɗe ɓurɓushi. Ni kaina ko haushi ban ji ba, ban ji komai ba.

Ragar tana bayan gida yanzu. Morwenna ta lulluɓe kabeji da ita saboda tsuntsaye, kuma shi ya taya ta ɗaurewa.