Ranar da Umma Ta Kai wa Waya Ruwan Sha

Ni dai a bakin kaskon awara na tashi. Umma tana suya a gefen tashar Nyanya, ni ina yanka, ina barbaɗa yaji, ina faɗa da kwandastoci masu neman ƙari. Na gama sakandare, halin ci gaba babu, sai na koma dangwalar waya. Da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi na koya wa kaina haɗa katin biki da na suna. Umma kullum cewa take sai wayar nan ta faɗa cikin mai zan yi hankali.

Sai ga wata ƙungiya a Jabi tana neman 'ya'yan talakawa, za ta koya musu zanen shafukan intanet kyauta, har da aron kwamfuta. Na nema, ban wani sa rai ba. Ranar da saƙo ya shigo cewa na kai matakin ƙarshe, tsalle na daka har na kifar da robar yaji, direbobi suka yi ta atishawa suna min Allah ya isa. Saura intabiyu ta kiran bidiyo, kuma gurbin kaɗan ne. In na faɗi, to ni da kasko mutu-ka-raba.

Matsalar ita ce gidanmu. Gidan haya ne, ɗaki na kallon ɗaki, ga yara kamar an yi ɓarinsu, ga injin wata Bayarabiya da muke kira Iya mai markaɗe yana ruri tun safe. Na bi ƙofa ƙofa ina roƙon a ara min shiru, kuma wallahi sun yi min kara. Iya ta kashe inji, ta tsaya a bakin ƙofar gida da muciya tana korar masu kawo markaɗe, tana ce musu da gurguwar Hausarta wai yarinya yana jarrabawa. Umma ta bar wa ƙawarta kasko ta dawo, wai ta taya ni da addu'a. Na roƙe ta kada ta shigo, kada ta yi ko tari. Ta harare ni ta ce ita ba yarinya ba ce.

Na jingine wayar a jikin kwano, na gyara hijabi, na zauna. Wata mata mai tabarau ta bayyana, ta fara da Turanci. Na nuna mata katunan da na haɗa, tana gyaɗa kai, har na fara jin kaina wata tsiya. Kawai sai na ji sallama.

Umma ce, da mayafinta na zuwa biki, ɗauke da tire. Ruwan leda biyu, da awara a faranti har da kabeji. Ta durƙusa gaban kwanon nan, ta ajiye tiren daidai hancin wayar. Na zare mata ido, na mintsine ta a ƙafa, ko gezau. Ta ce ba a taɓa yin baƙuwa a ɗakinta ta tafi ba ta sha ruwa ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Daga nan ta kama gaisuwa, ya hanya, ya gajiya, ya maigida, ya yara. Wace hanya kuma, Umma, matar da ke zaune a ofishinta? Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Matar ta cire tabarau tana goge ƙwallar dariya, tana amsawa da 'yar Hausarta ta kasuwa. Ai kuwa da Iya ta ji ana gaisawa ta ɗauka an gama, ta faɗo ɗakin da muciyarta. Sauran matan gida suka biyo baya, kowa na cusa fuska a gilashin wayar tana ba da shaidar cewa ni yarinyar kirki ce, sai dai baki. Haushi ya cika ni fal, ga dariya tana cina. Na ce a raina shi ke nan, sun kashe ni da ƙauna.

Da aka lafa, matar ta ce tun da mahaifiyata ta zo, akwai abin da take son tambayar ta. Karatun daga safe ne zuwa yamma, na watanni, kuma 'yan mata da yawa kan bari a tsakiya saboda sana'ar gida ta rasa mai tayawa. Wa zai taya Umma suya?

Ba mu taɓa wannan maganar da ita ba, don na san amsar. Babu kowa, ni kaɗai gare ta.

Umma ta gyara durƙuso, ta dubi wayar ido cikin ido.

"Hajiya, ku ɗauke ta. Hayaƙin nan ya riga ya ci idanuna, ba zan bar mata shi gado ba. Suya kuwa, da hannuna biyu ni kaɗai na fara ta, zan iya komawa."

Iya ta goge hanci da bakin zani. Matar ta mayar da tabarau, ta yi mana godiya, ta kashe kiran. Mu muka cinye awarar baƙuwa.

Da saƙon ɗauka ya iso, matan gidanmu sun yi guɗa har aka shigo daga maƙwabta ana tambayar wa ta haihu. Iya ta yi markaɗe kyauta ranar, ni kuma na yi rawa da ƙafar silifa ɗaya.

Safiyar da na fara zuwa Jabi, motarmu ta maƙale a cunkoson bakin tasha. Na leƙa taga na hango Umma ita kaɗai, tana yanka, tana juyawa, tana kare fuska da gefen mayafi, mutane sun yi mata caa. Na yunƙura zan sauka. Ta gan ni, ta ɗaga matsami ta nuna min hanyar gari, fuskar nan a murtuke. Na koma na zauna, kwandasta yana tambayata lafiya nake kuka da sassafe.