Mutumin da Ke Kallon Kaset Har Ƙarshe

Da hantsi Malam Ishiyaku mai gyaran bidiyo yake buɗe shagonsa na bakin kasuwar Rano. Zai yayyafa ruwa a ƙofa, ya share, ya shimfiɗa tsohon buhu a kan teburi, sannan ya jera kayan aikinsa: auduga, 'yar kwalbar sifirit, sukundireba, da wani ɗan itace da ya fiƙe da kansa don juya zaren kaset. Haka na tashi na same shi, haka kuma yake har yau da furfura ta cinye gemun. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ido ya gaji, kuma yanzu kowa kallonsa a waya yake.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha ƙular da mutane. In ka kawo masa kaset ɗin biki ya goge maka fumfunar da damina ta sa masa, ba zai ba ka ba sai ya kalle shi har zaren ya ƙare. Ka yi ta tsaye kana tsaki, shi ko a jikinsa. Na taɓa ji wani ya ce, "Haba Malam, biki ne fa, ba karatu ba!" Ya amsa bai ko ɗago ba: "Ban ga ƙarshensa ba, ta yaya zan ce na gyara?"

Wannan taurin kan nasa shi ya dawo mana da Tsakar Gidan Baballe.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Shirin barkwanci ne na yara da wani gidan talabijin a Kano ya riƙa nunawa muna firamare. Daga makarantun Rano da Kibiya ake kwasar 'yan wasan. Yaro ya manna gemun auduga ya zama maigida Baballe, wani ya ɗaura zani ya zama tsohuwa, a yi ta shirme muna birgima don dariya. Gidan talabijin bai ajiye ba, don kaset na da tsada, sai suka riƙa ɗaukar labarai a kan tsofaffin. Da aka ƙaddamar da Shari'a kuma, wani kwamiti na gari ya ce sassan da maza ke shigar mata ba su dace ba. Aka bi gidajen kallo da shagunan haya, aka tattara duk kaset mai sunan shirin aka ƙona.

Ban zo yin gardama da kwamitin ba, suna da hujjarsu. Shi ma Malam Ishiyaku bai yi ba. Ya miƙa na hayar da ke hannunsa, sannan ya ce da shugabansu, Alhaji Ramalan: "Ranka ya daɗe, kaset ɗin da mutane ke kawo min amana ne. Abin da na tarar a ciki ba zan haska wa jama'a ba, amma ba zan goge ba." Alhaji ya ce, "Wannan tsakaninka da masu shi." Shekara da shekaru bai saɓa ko ɗaya daga cikin biyun ba.

To me yake tararwa? Mutanenmu ba sa son asara. In an gama ɗaukar biki ko suna zaren ya rage, maigida sai ya ɗauki shirin talabijin a ragowar, balle in ɗansa na ciki. A bayan kaset an rubuta bikin wance, babu wanda ya bi ta kansa. Sai mai kallo har ƙarshe ne zai ga amarya ta ɓace, allo ya yi tsartsatsi, ga Baballe ya faɗo da gemunsa a karkace. Malam Ishiyaku kan nemi izinin mai kaset, ya kwafi guntun ya adana.

Ana haka Inna Tani ta zo daga Fassi. Maƙwabciyarmu ce, katangarmu ɗaya. Ɗanta Sagiru shi ne yake fitowa a matsayin Iya Mai Daddawa a shirin, don haka duk wasanninsa suna cikin waɗanda aka hana. Ya girma ya zama direba, ya rasu a hatsari a hanyar Kano. Hoton da take da shi ruwa ya lalata shekarar da ɗakinta ya rufta. Ga yanar ido ta fara rufe mata gani. Abu ɗaya take so: ta ga fuskar ɗanta kafin ganin ya tafi.

Duk ranar kasuwa za ta zo ta zauna a benci. "Ishiyaku, an samu?"

"Da saura, Inna."

Da fari tun daga tsallaken titi take gane shi. Daga baya sai ta iso bakin ƙofa. Can kuma sai ya yi magana tukuna. Shi yana lura, abin yana cinsa. Ya daina jiran a kawo masa kaset, ya riƙa hawa babur ɗinsa yana shiga ƙauyuka, gida gida, yana roƙon a duba ƙarƙashin gado da cikin adaka. Wasu suka ce mutumin nan ya fara zarewa. Kai ne ka sha kallon bukukuwan mutanen da ba ka sani ba, Malam, rawa da liƙi da jawabin waliyyi, kana jiran abin da ke bayansu. Wallahi ni da tuni na haƙura.

A Durba aka samu, a bayan kaset ɗin wani suna. Fumfuna ta yi masa fari fat, zaren ya manne. Da hannu ya warware shi, kaɗan kaɗan, yana gogewa da auduga, don in ya sa a na'ura tsinkewa zai yi. Da ya gama ya aiko min in ɗauko Inna a babur.

Bayan azahar ne. Ya saya ƙofa, daga shi sai ni sai ita, saboda alkawarinsa. Ya matsar mata da kujera har hancinta ya kusa taɓa gilashin talabijin. Mai jego ta wuce, allo ya yi tsartsatsi, sai ga Sagiru ya ranƙwafa, faranti a ka, yana maƙe murya: "Daddawa! Ta bana ce, ba ta bara ba!"

Inna ta yi salati. Ta ɗora tafin hannu a kan gilashin. Na ɗauka kuka za ta fara, sai na ji ta ce, "Zanena ne! Atamfata mai ganye! Ja'irin yaro, ashe kai ka ɗauke! Ni da na zargi ƙawata Asibi, muka yi wata da watanni ba ma gaisawa!" Ta ƙyalƙyale da dariya har tana tari, dariyar ta koma kuka, ni ma na kasa riƙe nawa. Ta ce, "Ishiyaku, mayar min baya." Ya mayar. Ta sake cewa, ya sake mayarwa, bai gaji ba. Da muka koma Fassi ba ta shiga gida ba sai da na kai ta wajen Asibi ta nemi gafara.

Kafin damina ta zagayo ganinta ya tafi gaba ɗaya. Malam ya sa mata muryar a waya, tana nan tana saurare. In an jajanta mata idon takan ce, "Ai na gan shi."

Malam Ishiyaku, mai amana, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idanunka lafiya, ya jiƙan Sagiru. Mu kuma da ke aikin hannu ko na ofis, mu daina miƙa aiki ba mu ga ƙarshensa ba. Kuma in kana da tsohon kaset a ƙarƙashin gado, kar ka yar. Shagon yana buɗe har ƙarshen wata, kai masa ya duba. Wataƙila ɗan wata ne a bayan bikin.