Jan ɗigo a jikin ƙwayar magani

Ni dai ba a ja da ni a kan tsabtar abu. Shekarun da na yi ina sayar da gari a kasuwar Adjamé, ido kawai nake sa wa buhu in faɗi ko an yi masa algus. To da na ga jan ɗigo-ɗigo a jikin ƙwayoyin hawan jinina, ban nemi shawarar kowa ba. Na tsaya tsakar gida na ce yaron nan mai farmasi ta wajen Mairie, ofishin magajin gari, jabu yake sayarwa. Yaron kuwa ɗan aminiyata ne, wadda muka zo ƙasar nan a mota ɗaya. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Mata suka fara ƙaurace wa shagonsa, uwarsa ta daina amsa sallamata.

Jikata ce ta ce a kai maganin wajen aikinta. A Treichville take, kusa da tashar jirgin ruwa, inda ake gwada magungunan da suka shigo ƙasa. Hausarta duk ta karye, rabi Faransanci, amma ta roƙi mai gidan aikinta ya yarda in shiga in gani da idona, don ta san ba zan karɓi labari ba.

Muka sauka a tashar mota ta Gare de Bassam muka taka. Suka sa mini farar riga kan zanena, suka rufe kallabina da wata hula kamar ledar burodi.

Na zaci wani babban inji zan tarar. Sai jikata ta nuno mini zare, wallahi bai fi silin gashi ba, ta ce ai bututu ne, akwai rami a cikinsa. Na ɗaga shi ga haske har idona ya kawo ruwa, ban ga ramin ba. Ta daka ƙwayar, ta narka, ta tace, bakin zaren ya tsotsi abin da ko harshen sauro ba zai jiƙa ba. Sannan aka saki lantarki. Ta ce duk abin da ke cikin ruwan zai kama hanya, kowa da saurinsa, kamar masu dako a lungun kasuwa: wani ya riga fita, wani kayansa su riƙe shi. Can ƙarshe akwai taga da fitila, duk wanda ya gifta sai an ga inuwarsa.

Na zauna ina kallon allo. Layi ya miƙe shiru, sai ya tashi tsauni guda dogo. Ta ce maganin ke nan, cikakke, daidai da na asali. A gefensa kuma wani ɗan tudu, kamar ƙurji.

Ta sake gwadawa da wani ruwa na kwatance, tudunsa ya faɗi wuri ɗaya da na ƙwayata. Ta dube ni tana danne dariya.

"Kaka, a ina kike ajiye maganin nan?"

Na ce a haɓar zane mana, inda mutum ke ajiye abinsa, bayan na ɓare shi daga takardarsa mai wahalar buɗewa.

"Tare da me?"

Na shafa haɓar zanen. Ɓarin jan goro yana nan a ƙullin, ina jin shi a cinyata. Ta ce tudun nan nasa ne.

Ba kunya kaɗai ta kama ni ba. Goron da ya ɗan shafi ƙwaya a duhun zanena, wanda ko harshena bai ji ba, shi ne ya bi ramin da ido ba ya gani, ya fito shi kaɗai aka kira sunansa. Na yi ta salati a gaban allon nan.

Ban shiga ɗakina ba da muka koma. Na tsaya daidai inda na ɓata yaron, na sa aka kira mata, na faɗa da muryar da ta fi ta farko cewa gorona ne ya ɓata ƙwayar, maganinsa ba jabu ba ne. Aminiyata tana ƙofarta tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Da na gama ta matsa gefe a tabarma, ta ce, "Zauna, bakinki ya gaji."