Kawu Ya Bar Mini Gawar

Manhajar da na rubuta wa Kawu ba ta da wani girma. Aikinta ta duba ruwan da ke cikin tanki, ta duba ƙarfin rana a kan sola, sannan ta kunna famfon rijiyar burtsatse ko ta kashe shi. Na saka ta cikin wata 'yar kwamfuta, na kulle a akwatin ƙarfe, na kafe a gindin tankin lambunsa da ke Fassi. Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, kuma tumatirin rani shi ne abincin gidansa. Na yi ne don ya huta da wahalar injin fetur, shi kuwa har ya bayar da injin kyauta.

Ina zaune a Rano, ina ta cika baki cewa abina bai taɓa tsayawa ba. Sai wata Juma'a na je gaishe shi, na duba allon akwatin, na ga manhajar ta nuna shekaranjiya ta fara aiki. Ai kuwa ya kamata a ce ta yi watanni.

"Kawu, an kashe abin nan ne?"

Ya gyara hularsa. "Yakan yi ɗan barci, sai in cire waya in mayar, ya farka. Ba wani abu ba ne."

"Tun yaushe?"

"Tun farko-farko."

Ashe maƙwabtansa na lambu sun daɗe suna jira su ga abin ɗan boko ya watse. Shi kuwa Kawu da sassafe yake zuwa ya tashe ta, kowa ya tambaya ya ce lafiya lau. Rufa mini asiri yake yi, har ni kaina ya rufa wa.

Raina ya ɓaci, don na san abin da ke faruwa. Irin wannan manhaja, idan ta ci karo da abin da ba a tanadar mata ba, takan jefo kuskure. In an ajiye mai cafewa a wurin, sai ya cafe, aiki ya ci gaba. In babu, nan take ta faɗi matacciya. Kafin ta cika takan rubuta 'yan kalmomi a allo, ta faɗi inda aka kayar da ita. Ni kuma na hana akwatin ajiye komai a katin ajiyarsa, don kada ɗaukewar wuta ta lalata shi, saboda haka da an cire waya kalmomin sun tafi. Rubutun da na yi da hannuna an riga an juya shi zuwa yaren inji, ba a buɗe shi a karanta. Ba ni da shaida sai gawar, Kawu kuma kullum binne ta yake kafin in zo.

Na koma gida na kunna irinta a ɗakina, mako da makonni, ko tari ba ta yi ba. Na zargi zafi, na zargi batir, na zargi ƙadangaru. Matata ta ce na fara magana ni kaɗai a kan tuwo. Da na sake zuwa na tarar an kuma tashinta, sai na kasa riƙe bakina, a gaban mutane kuwa.

"Kawu, don Allah ka daina taɓa abin nan! In ta mutu ka bar mini gawarta in gani. Kai ne kake hana ni gyarawa."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, ɗan nan. An daina."

Bayan nan ya yi sabon dashe, zafin bazara ya shigo da ƙarfinsa. Ran nan wani mai acaɓa ɗan Kibiya, can wajen su Kawu, ya tsaya a ƙofar shagona ya ce, "Kawunka yana gaishe ka. Ya ce in ka sami sarari ka leƙo." Haka manya suke aike, ba za su ce maka gida ya kama da wuta ba. Na amsa gaisuwa, na ce sai na kammala aikin da ke gabana. Sarari bai samu ba sai da kwanaki suka shuɗe.

Tun daga hanya na ga lambun bai yi mini kyau ba. Dashen duk ya kwanta, ganyen ya murɗe ya koma ruwan toka, ƙasa ta tsage. Gefe guda 'yan layuka ne kawai da sauran kore, inda Kawu yake ɗauko ruwa a jarka daga rijiyar maƙwabci, tsoho da ciwon baya. Akwatin kuwa ya ɗaure masa buhu a kai don kada rana ta doke shi, ya kewaye wayar da ƙaya kada awaki su ja.

Na ɗaga buhun. Ga kalmomin nan a allo, ba wanda ya taɓa. Ma'aunin ruwan tanki ne, idan ya sha zafi wani lokaci yakan aiko da saƙo wayam, babu lamba a ciki. Manhajar ta yi ƙoƙarin karanta lamba daga babu, ta jefo kuskure, ba mai cafewa. Na buɗe kwamfutata a kan gwiwa na ƙara layi biyu a asalin rubutun, na ɗora wa akwatin. Kafin shayin da aka kawo mini ya huce, famfo ya tashi, ruwa ya kwararo cikin fangali ya bi ta kan matattun shuke-shuke.

Tun daga ranar manhajar ba ta sake faɗuwa ba, amma har yau ban iya jin daɗin hakan ba. Tumatirin shekarar ya tafi, lokacin sake dashe ya wuce.

Kawu yana tsaye a bayana, maƙwabta sun taru suna kallo daga shinge. Na ce, "Kawu, ai da ka cire wayar ka mayar."

Ya dubi ruwan, sannan ya dube ni.

"Ka ce in bar maka. Ka ga abin da kake nema kuwa?"

Na ce na gani.

Ya juya wajen maƙwabtan ya ɗaga murya, "Kun gani ko? Na gaya muku zai gyara."