Saiwar Dawa a Cikin Daro

Jiya a hanyar Bakori, bayan an ɗauke ruwa, na hango furannin wuta-wuta, ciyawar nan mai kashe dawa, suna rausaya a wata gona. Sai marigayi malaminmu na aikin gona a sakandare ya faɗo mini a rai.

Ba ya ba da amsa. Kome ka tambaye shi, sai ya karkata hula ya ce, "Kai me ka gani?"

Wata damina dawarmu ta tsumbure. Baba ya rantse ƙanensa ne ya yi wa gonar asiri, har suka daina gaisawa. Na kai wa Malam maganar.

Ya ce, "Tono mini dawar guda, har da ƙasarta."

Washegari ya fito da mu 'yan aji gindin darbejiya, ya ajiye daron ruwa, ya ce mu wanke saiwar dawar da na tono. "A hankali, sarakan gaggawa, ba wankin riga ba ne." Har yau ina jin sanyin ruwan nan da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Laka ta narke, sai ga saiwar wuta-wuta manne da ta dawa, tana tsotsonta.

"Malam, ashe ita ce!"

"Ni ban faɗa ba. Kai ka gani."

Da yamma na ajiye wa Baba daron ruwa da wata dawar da na tono a gonarmu. Ya wanke saiwar da hannunsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya saka takalmi ya nufi gidan ƙanensa.

Allah ya sanyaya makwancin Malam kamar ruwan daron nan, ya sa Aljanna ce makomarsa.