Na Sanya wa Malamina Kakin Sojan da Bai Taɓa Sawa Ba

Edita, don Allah a sakaya sunana. A tsakiyar shekarun dubu biyu ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare a Zuru, saurayi, ba mata ba ɗa, kuma ina fama da wani ciwo da ban san ciwo ba ne a lokacin, wato son a ce na sani. An buɗe wani gidan intanet kusa da tashar mota, kwamfutoci kaɗan, janareta na ƙugi a baya, ni kuwa da an tashi makaranta can nake tarewa har la'asar. A nan na gano wani kundin sani na intanet wanda kowa ke iya rubutu a cikinsa, ya kuma gyara na wani. Ranar da na gyara sunan wani ƙauye da aka rubuta ba daidai ba, na ga gyaran ya zauna, kaina ya kumbura har na ji takalmina ya yi mini kaɗan.

Ina da wani tsohon malami da muke kira Baba, mutumin wajen Dabai. Ya shekara da yawa yana koyar da falsafar ɗabi'a a kwalejin horar da malamai, wato nazarin abin da ya sa wani aiki yake daidai, wani kuma ba daidai ba. Da ya yi ritaya ya koma gida yana noman dawa. Ya rubuta 'yan ƙananan littattafai, wanda aka fi sani shi ne na golmo, noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Baba ya ce darajar golmo ba a yawan kunyoyin da aka noma take ba, tana cikin mutum ya faɗi magana ya tsaya a kanta damina bayan damina. Shi ma haka ya rayu. In rigimar iyakar gona ta tashi a yankin, shi ake kira, ya nuna inda dutsen iyaka yake tun zamanin iyaye, kuma ba wanda ke neman ya rantse. Wannan shi ne duk abin da tsohon nan ya mallaka a duniya.

Sai na ce lallai duniya ta san shi. Na zauna na rubuta masa shafi. Bayan kwana biyu na tarar an liƙa sanarwa a saman shafin cewa babu madogara, ba a nuna wani littafi ko jarida da ta yi magana a kansa ba, don haka za a goge. Wani mai gyara, ban san ko a wace ƙasa yake ba, ya rubuta mini cewa abin da mutanen gari ke faɗa ba hujja ba ne. Raina ya ɓaci matuƙa. Na hau babur na tafi wajen Baba neman ƙarin bayani, ban ma gaya masa ainihin abin da nake yi ba. A ɗakinsa akwai hoton wani matashi cikin kakin soja. Ya gaya mini yayansa ne, ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, ba gawa ba wasiƙa, ya bar matarsa da ciki. Shi ma Baba ya so ya bi shi, mahaifinsu ya hana, ya ce ɗaya ya tsaya ya riƙe gona. Ya ce ya daɗe yana jin kunyar wannan zaman da ya yi.

Wanda bai san Zuru ba ba zai gane abin da ya shiga kaina a kan hanyar dawowa ba. A wajenmu da wuya ka sami gidan da ba soja, kuma da soja aka san mu a waje. Sai na ga kamar babban mutum daga Zuru ba kaki, tarihinsa bai yi gishiri ba. Na koma gaban kwamfuta na rubuta cewa Baba ya yi yaƙi, harsashi ya same shi a ƙafa, kuma a gadon jinya ya yi alkawarin ba zai ƙara faɗin ƙarya ba. Madogara kuwa, na ƙirƙiri wani ɗan littafin bikin cika shekaru na wata majami'a, littafin da ba a taɓa bugawa ba, har da lambar shafi na sa masa. Tir da ni. Na yi ƙarya a kan yadda mutum ya daina ƙarya, kuma a lokacin ban ji ko ɗar ba.

Shafi ya tsira. Bayan wasu watanni wani marubuci a wata jaridar birni ya kwashe labarin ya yi sharhi a kan sojan da ya zama masanin ɗabi'a. Maimakon gabana ya faɗi, murna na yi, na ɗauki jaridar na ƙara ta a jerin madogara. Ba a jima ba wani ya kawo jaridar Zuru, ta faɗa hannun 'yan mazan jiya a inuwar da suke taruwa. Waɗannan tsofaffi sun san kowa da bataliyarsa. Suka ce yaushe malamin nan ya taɓa riƙe bindiga, ashe da tsufansa jinin yayansa zai sayar ya sayi suna. Matar yayan, tsohuwar da ta ƙi sake aure tana zaune a gida ɗaya da Baba, ta shiga ɗakinsa ta cire hoton mijinta daga bango ta kai nata ɗakin, ta daina amsa gaisuwarsa. Sannan a wata rigimar gona, bayan Baba ya nuna iyaka, wanda bai ji daɗin hukuncin ba ya miƙe a gaban jama'a ya ce wanda ya yi ƙaryar kaki ba zai nuna musu dutse ba. Baba ya ce bai taɓa faɗa wa kowa ya yi soja ba. Aka ce ai ga shi a jarida.

Abin da ya fi ba ni ƙyamar kaina ba ƙaryar ba ce, shirun da na yi ne. Sati uku ina jin duk wannan, bakina gum. Har na zauna a ɗakin malamai ina girgiza kai tare da su, ina cewa 'yan jaridar zamani ba su da tsoron Allah. Da abin ya ishe ni na lallaɓa gidan intanet na goge sakin layin, ina zaton shi ke nan. Kafin in tashi daga kujera an mayar da shi, da gargaɗin cewa na cire bayani mai madogara. Na rubuta musu ƙarara cewa ni na ƙirƙira. Suka amsa cewa za su cire littafin majami'ar tunda ba a same shi ba, amma jarida bugaggiya ce, maganata kuwa ta mutum ɗaya ce da ba a san ko wane ne ba. Na aika wa jaridar wasiƙa biyu, ko tari ba su yi ba.

Dole na je na durƙusa gaban Baba. Na same shi yana ɓarar gyaɗa a ƙofar gida. Ya sa na karanta masa abin da na rubuta, na gama, ya ce in sake. Bai ɗaga murya ba, kuma wallahi da ya mare ni da na fi jin sauƙi. Sai ya tambaye ni a wace ƙafa na sa masa harsashin. Na ce ta hagu. Ya ja wandonsa sama ya miƙo ƙafar, ba komai a jikinta sai kaushi da tabon fartanya, ya bar ta a gabana har na kasa ɗaga kai. Daga nan ya ce ba shi zan fara ba haƙuri ba, in je wajen matar yayansa, sannan wajen sojoji.

Na je. Tsohuwar ta saurare ni har ƙarshe, ta ce mijinta ba shi da gida, ba shi da kabari, abu ɗaya ya rage masa shi ne a ce ya tafi yaƙi, shi ma na ɗauke na ba wani. A wajen 'yan mazan jiya wasu sun yarda da ni. Amma wani tsohon saje ya dube ni sheƙeƙe ya ce malamin ya iya dabara, ya turo ɗalibinsa ya ɗauki kayan. Tun daga lokacin an rage kiran Baba rabon iyaka, daga baya aka daina gaba ɗaya.

Alfarma ɗaya ya nema a wajena. Ya ce tunda wannan littafin na iska yana da fili, in rubuta sunan yayansa a ciki, in ce ya tafi bai dawo ba. Na rubuta layi guda. A ranar aka cire shi, aka ce babu madogara.

Baba ya rasu bayan shekara biyu. A lokacin na samu da ƙyar an gyara shafin, amma wasu shafuka sun riga sun kwafe tsohon. Dangin da ke birni, waɗanda suka buga ɗan littafin jana'iza, can suka samo tarihinsa. Baƙon faston da aka gayyata ya ɗaga murya yana karanta yadda marigayi ya zubar da jininsa a fagen fama. Sojojin suka sunkuyar da kai. Tsohuwar ta dafa sanda ta miƙe ta fita, ni kuwa ina zaune a layi na uku ina kallonta.

Na koyi cewa ƙaryar da aka yi don ƙauna ba ta fi wadda aka yi don ƙiyayya tsabta ba, kuma ba Baba nake ƙauna ba a ranar, rubutuna nake ƙauna. Ku matasa masu rubuta tarihin manyanku a intanet, in ba ku sami hujja ba ku bar wurin fili, ko da za a goge shafin. Ku je ku karanta wa mutum abin da kuka rubuta a kansa tun yana da rai, kafin duniya ta karanta. Ni ban yi ba. Yau wanda ya je yaƙi da gaske ba a rubuta sunansa ko'ina ba, wanda ya tsaya ya riƙe gona kuwa an binne shi da kakin da na ɗinka masa.