Ranar da Illa Ya Tambayi Inji Shekarunsa

Illa taubashina rani biyu ya yi a Kano yana share shagon masu ordinata, wato kwamfuta, ya dawo Matameye yana taku kamar shi ya ƙera su. Shekarar da damina ta ƙi, soja na mulki, aka ɗauke shi a rumbun tallafi yana buga katin gero.

Ran nan shirin ordinatan da ke buga katin ya cije. Matan ƙauyukan Dawce da Kurni sun cika gindin iccen bedi, Gwaggo Saratu na gaba da buhunta. In ba kati, ba gero.

Illa ya kira mutumin Yamai da ya rubuta shirin a waya.

Mutumin ya ce, "Kundin da shirin ya jingina da shi, wane zubi ne, tsoho ko sabo? Rubuta layi guda ka tambaye shi lambarsa."

Illa ya rubuta, guminsa ya isa ban ruwan gona. Lamba ta fito, ya karanta masa.

Mutumin ya ce, "Ai tsoho ne. Sai na aiko sabo in an samu mota."

Gwaggo ta leƙo taga. "Illa, me injin ya ce?"

"Shekarunsa ya faɗa, Gwaggo."

Ta ce, "Ni ma na san nawa," ta naɗe buhunta.